Shaidar da Ba Tawa Ba

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na buɗe wannan littafi da sunan Ubangiji, da hannuna na kaina, ba hannun aro ba. Shekarata sittin da uku, arba'in da biyar daga ciki a aikin kafinta na yi su, kuma sai bara na zauna a ajin manya na ikilisiyarmu na koyi haɗa baƙi da wasali. Malamar ajin, wadda sa'ar 'yata ta biyu ce, ta ce duk mai son hannunsa ya faɗa sai ya riƙa rubuta abin da ya wakana a yini. Na karɓi shawarar, domin rayuwa irin tawa bai kamata ta wuce babu bayani ba.

Ga wanda zai karanta bayan raina: ni ne na kafa zauren zumunci na waya wanda muke kira Hasken Safiya. Da mutum tara muka fara, yau muna da ɗari biyu da goma sha huɗu, wasu ma a ƙasashen da ban taɓa takawa ba. Shekara biyar ina aika musu ayar safiya da gargaɗi da muryata. Tun watan jiya kuwa a rubuce nake aikawa, da babban yatsana, kamar kowane mai ilimi.

Cikin waɗanda na raina a bangaskiya babu kamar Dogo, direban motar makarantar yara da ke bayan asibiti. Shekara uku da wata huɗu ke nan da ya shigo shagona ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba, muka durƙusa cikin garin katako. Tun ranar muka yi alkawari: kowace safiya kafin ya tayar da mota zai aiko mini da murya ya ce, "Baba, na tashi, bakina tsaf." Ni kuma in mayar masa da aya da addu'a, sa'an nan in yi tsaga ɗaya da bakin zarto a jikin wani katako da na jingina bayan ƙofa, domin a lokacin ban san wani rubutu ba sai wannan. Tsagar yau ita ce ta dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha biyar. Babu gurbi ko ɗaya.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau na ci tara bisa goma a aji. Babu wanda ya kai bakwai sai mai gadin banki, shi ma ina zargin 'yarsa ce ta taimaka masa.

Darasin shi ne siffantawa. Malama ta ce marubucin kirki ba ya cewa "wani mutum ya zo" ya yi shiru. Sai ya sa mai karatu ya ga mutumin da idonsa, tafiyarsa, rigarsa, har abin da ke hannunsa. Na siffanta teburin aikina, har da ƙonuwar da ke kusurwarsa ta hagu. Ta karanta wa aji da ƙarfi. Uwargidana, da na nuna mata takardar, ta ce to Marubuci, sai a siffanta mata ƙafar kujerar ɗakin girki da ta yi wata uku tana rawa. Ba ta fahimci nauyin abin ba, amma na yi mata uzuri.

A hanyar dawowa wani tunani ya sauko mini. Zaurenmu ya daɗe yana cin gargaɗi babu shaida. Akwai matasa a ciki da kwalba take ja, na san su, iyayensu mata suna kirana. Me zai fi ƙarfafa su irin labarin mutumin da Ubangiji ya fisge daga wannan rami? Zan rubuta shi bisa ƙa'idar da aka koya mini. Suna kuwa ba zan ambata ba, domin ni mai riƙon amana ne.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na aika labarin a zaure da ƙarfe shida. Kafin azahar mutum sittin da takwas sun ce Amin, an kuma tura shi zuwa wasu zaurukan da ban san adadinsu ba. Wata 'yar'uwa daga ƙetare ta ce ta yi kuka. Wani malamin sakandare ya tambaya ko daga littafi na kwafo. Na amsa masa cikin tawali'u cewa daga kaina ne.

Ban ɓoye komai na aikin Allah ba. Na sa an ga ɗan'uwan, mutum mai tsawon da sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar shagona. Na sa an ga motar, ruwan ɗorawa, da madubin hagu da aka ɗaure da waya, da kwalbar da ke ƙarƙashin kujera, da yaran da ke waƙa a baya a safiyar da ya tuƙa su a buge a kan gada. Suna da shekara kaɗai na cire, don sirri.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Saƙon Dogo bai zo ba. Wataƙila caji ne.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ma bai zo ba. Na kira sau uku, tana shiga ba a ɗauka. Ban yi tsaga ba, ban kuma ce ya faɗi ba. Na bar wurin a buɗe.

Uwargidana ta dawo daga kasuwa ta ajiye jaka ba ta ko kwance ɗankwali ba, ta ce in karanta mata abin da na aika shekaranjiya, domin ita murya take saurara, ba ta bin dogon rubutu. Na gyara zama na karanta mata da kyau, ina tsayawa a kowace aya. Da na gama ta tambaye ni motocin makaranta masu ruwan ɗorawa nawa ne a garin nan. Na ce uku. Ta ce nawa ne madubinsu yake ɗaure da waya. Tambayar ba ta neman ilimi ba ce.

Ta ce, "Baban yara, hotonsa kaɗai ya rage ka manna."

Na bayyana mata cewa ban ambaci suna ba, kuma a shari'ance wanda ba a ambata ba ba a tona shi ba. Ta ce in je in yi wa mai sayar da tumatir wannan bayanin, domin ita ce ta fara tare ta da maganar, kuma jikokinta biyu a motar suke tafiya.

Ban ambaci suna ba. Wannan a rubuce yake, kowa na iya dubawa.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sujada ta yi kyau. Ni na karanta Maganar Allah a gaba, karo na uku a rayuwata, ban yi tuntuɓe ba sai sau ɗaya.

Gurbin Dogo a benci na ƙarshe, inda yake zama don kada ya tare wa mutane gani, babu kowa. Matarsa ta zo, amma ba ta hau wurin mawaƙa ba. Bayan an tashi na nufe ta na ce 'yata, ina maigidan? Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, ba ta rage komai ba, sa'an nan ta ce ashe akwai abin da mutum ɗari biyu suka sani game da mijinta kafin ita. Ta san ya taɓa sha, ta san ya bari. Maganar gada ce ba ta taɓa ji ba sai a wayar maƙwabciya.

Fasto ya kira ni ofishinsa. Yaro ne a kaina da shekara ashirin, ni na yi masa teburin da yake zaune a bayansa, amma na ba shi girmansa. Ya ce Dattijo, ka nemi izinin ɗan'uwan? Na ce abin da Ubangiji ya yi ba a neman izini kafin a yabe shi. Ya ce gaskiya ne, amma shaidar ta wa ce? Na ce ta Ubangiji. Ya ce bayan Ubangiji fa? Na ga yana son ya kai ni wani lungu.

Ya roƙe ni in dakatar da aikawa a zaure na wata ɗaya. Roƙo ne, ba umarni ba. Na amince domin zaman lafiyar ikilisiya.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An dakatar da Dogo daga aiki. Wata uwa ta kai wa shugabar makarantar rubutun, iyaye kuma sun ce yaransu ba za su sake hawa ba. Da yake ban sa shekara ba, kowa ya ɗauka makon jiya abin ya faru. Kwamitin makaranta zai zauna ranar Juma'a ta sama ya yanke ko a sallame shi. Mutum mai 'ya'ya huɗu, wanda ba shi da wata sana'a sai sitiyari.

Na goge saƙon. Waya ta nuna an goge. Kafin in ajiye ta sai ga shi wani ya turo mini hotonsa daga wani zaure, yana cewa in karanta wannan, zai amfane ni. A katako idan na yi kuskure nakan bi da sanfefa, in shafa fenti, mai kaya ba zai taɓa sani ba. Ba a gaya mana a aji cewa wannan ba haka yake ba.

Duk da haka wani saurayi ya rubuto mini a keɓe cewa ya zubar da abin da ke ɗakinsa bayan ya karanta. Na rubuta wannan a nan domin a auna da shi.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na tashi na riƙe waya har rana ta fito.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je aji kamar kullum, domin ba ni da abin ɓuya. Mai gadin banki ya ce a matsa wa Ɗan Jarida wuri, kada ya siffanta mu. An yi dariya. Mutumin da har yanzu yake juya haruffa baya ba abokin muhawarata ba ne.

Bayan an tashi na tsaya na gaya wa Malama cewa ƙa'idarta na bi, ɗaya bayan ɗaya. Ban faɗa don in ɗora mata ba, sai don a san tushen magana. Ta daɗe tana tattara alli. Ta ce Baba, rubutun ya yi kyau, kuma kyansa ne ya yi ɓarnar, da ya yi muni da babu wanda zai gane kowa. Ta ce laifinta ne da ta koya mana yadda ake sa a ga mutum, ba ta koya mana tambayar ko mutumin yana so a gan shi ba. Ta ɗauka wannan manya sun riga ta sani.

Na lura cewa ta ce rubutun ya yi kyau. Na kuma lura da sauran.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na sa rigata ta zuwa sujada na tafi gidan Dogo. Ɗaki biyu ne a bene na farko, matakalar tana da tsagewa a hawa na huɗu wadda na sha cewa zan gyara musu. Na tarar da shi a baranda yana wanke takalman yaransa, aikin da ban taɓa ganin ya yi da rana tsaka ba. Ya miƙe ya ba ni kujera. Bai dube ni ba.

Na zo da jawabi na shafi huɗu wanda na shirya in aika wa zaure don gyara fahimta da neman afuwa. Uwargidana ta ƙirga mini kalmar "ni" a ciki ta ce ta gaji a talatin, amma ita ba ta san tsarin jawabi ba. Na fara karanta masa. Ban gama shafi na farko ba ya ɗaga hannu, da kumfa a jiki.

"Baba, don Allah kada ka sake rubuta komai a kaina a can. Ko haƙuri kada ka ba ni a can."

Na ninke takardar. Na tambaye shi abin da ya fi damuna, ba tare da na ambaci sunan abin ba. Ya ce bai sha ba. Ya ce ranar Alhamis ya tsaya a ƙofar mashaya har minti ashirin, sa'an nan ya wuce, kuma ba don ni ya wuce ba. Na ce masa wannan shi ne daidai, tun farko ba don ni ba ne. Na faɗa da murya mai ƙarfi.

Na ce zan kai wa shugabar makaranta katakon tsaga ta gani. Ya ce in yi abin da na ga dama, ai na saba. Da a watan jiya ne da na ɗauki wannan a matsayin izini.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Matar Dogo ta tsayar da ni a ƙofar majami'a. Ta ce ya ce in kai katakon, amma kada in kunna wa kowa muryarsa. Na sa ta maimaita, na rubuta a bayan takardar sanarwa, na karanta mata ta ce haka ne.

Na cike tsaga goma da na bari, bisa maganarsa ta ranar Juma'a da shaidar matarsa.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Katakon huɗu ne: uku cikakku, na shekara-shekara, da na huɗu da aka fara. Na ɗaure su da igiya na saɓa a kafaɗa na taka har makarantar, domin mai babur ya ce ba zai ɗauka ba. Mai gadin ƙofa ya ɗauka gyaran benci na zo yi, ya nuna mini hanyar sito. Na sanar da shi cewa wurin shugaba na zo, kan maganar shaida.

Mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Na jera katakon a kan teburinta bayan na shimfiɗa hankici don kada in ɓata mata takardu. Na gabatar da kaina: dattijon ikilisiya, shugaban zauren Hasken Safiya, kuma marubucin abin da ke hannunta. Ta ce ashe kai ne. Ban iya gane ko yabo ne ba.

Na yi mata bayanin tsagar. Na ce abin da ta karanta ya faru ne kafin ta farko, ga ta nan a wannan kusurwa, ta ɗan karkace. Na ce ta ƙirga idan tana so. Ta sa yatsa ta bi layi ɗaya har ƙarshe, ta tsaya a wata mai zurfi ta tambaya. Na ce ranar da aka binne mahaifiyarsa ce. Na danna zarto da ƙarfi domin na san abin da ranar ta ci masa.

Ta cire gilashi ta ce ta gaskata ni, amma ba za ta iya sa katako a fayil ba, kuma ba za ta iya ce wa iyaye arba'in wani kafinta ya yi tsaga ba. Ta ce kwamiti yana son bayanin direban da kansa, a rubuce, da sa hannunsa, kafin Juma'a: me ya faru, yaushe, me ya yi tun daga nan. Na ce zan iya rubuta masa wanda zai sa kwamiti kuka. Ta ce ta ga irin aikina, kuma kwamiti ba kuka yake nema ba.

Na sake saɓa katakona. Yara suna hutu, suka bi ni da kallo ta taga. Na tafi a miƙe.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na aika wa matarsa saƙon shugaba. Dogo yana karanta alamun hanya da lambobi, amma bai iya wasiƙa ba. Matarsa ta iya. Fasto ya iya. Ba na sa rai zai zo wurina.

Na gyara ƙafar kujerar ɗakin girki.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban je aji ba yau, karo na farko, kuma dalilin ya isa.

Da ƙarfe goma inuwa ta rufe ƙofar shago. Dogo ya shigo da farar takarda biyu da biro sabo. Ya ce ba don ya huce ya zo ba. Ya ce idan matarsa ta rubuta, sai ta ji sauran daga bakinsa tana riƙe da biro, kuma yana so ya gaya mata a zaune, hannunta babu komai. Idan Fasto ne, sai ya faro daga farko. Ni kaɗai ne ba sai an faro mini ba.

Sa'an nan ya kafa sharaɗi. "Abin da na faɗa shi za ka rubuta, Baba. Ba ƙari, ba kwalliya. Ko 'da yardar Allah' kada ka sa sai na ce."

Na share teburin aiki, na zauna. Ya tsaya yana kallon bango yana faɗa, ni ina rubutawa. Maganarsa gajera ce, babu gabatarwa, babu gaisuwar girmamawa ga kwamiti mai albarka. Sau biyu na ɗaga kai na ce a nan da an sa aya da ta zauna daram. Ya ce a'a. Wuri ɗaya ya maimaita kalma sau uku a jimla guda, abin da Malama take ja wa jan layi. Na rubuta ta sau uku. Wanda bai taɓa riƙe biro yana da kalma mafi kyau a bakinsa ya haɗiye ta ba, ba zai san abin da na yi yau ba.

Da muka kai maganar gada sai ya faɗi wani abu wanda ko a shaidata ban sa ba. Ba zan maimaita shi a nan ba. Ya shafi wani mutum da ya ɗauki laifin da ba nasa ba a wancan lokaci, ya kuma bar aikin makarantar saboda shi. Na ajiye biro. Na ce ɗana, wannan babu wanda ya sani, babu wanda ya tambaya, kuma shi zai sa a sallame ka. Ya ce shekara uku ina gaya masa cewa rabin gaskiya ba ta 'yantar da kowa, ko a waya kawai nake faɗa? Na ɗauki biro.

A ƙarshe ya ce in rubuta haka, kuma wannan na kwafe shi a nan da izininsa, na tambaya: "Mutumin da ya watsa labarina ba da sanina ba, shi ne ya riƙe ni shekara uku ban koma ba, shi ne kuma yake rubuta wannan takarda. Ya yi mini laifi babba. Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Na rubuta "laifi babba" da hannuna. Haruffan sun fita daidai, ba su karkace ba.

Ya sa na karanta masa sau uku yana bin layin da yatsa, yana ƙirga kalmomi, don ya tabbata ba su fi waɗanda ya faɗa yawa ba. Ya sa hannu. Ya tafi gida wurin matarsa.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwamiti ya zauna awa uku. Ba a kira ni ba. Sun ce sai mako mai zuwa.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shiru. Mutum goma sha ɗaya sun fita daga zaure, shida sun shiga. Fasto ne yake aika ayar safiya. Gajere yake yi ƙwarai, amma ba laifi. Na lalata katakon wani mai oda, na yanka ƙasa da awo, abin da rabona da shi tun ina ɗan koyo. Uwargidana ta kawo mini shayi shago, ba ta kira ni Marubuci ba. Na fi son ta kira.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Dogo ya zo da kansa ya gaya mini, bai bar ni in ji a waya ba.

An mayar da shi bakin aiki. Zai koma ranar Litinin, bisa sharaɗi: har ƙarshen shekara wata malama za ta riƙa zama a gaba tare da shi, za a kuma riƙa gwada shi a asibiti duk lokacin da aka ga dama. Iyaye biyar sun cire yaransu daga motar. Kwamiti ya rabu huɗu da uku, kuma shugaba ta gaya masa cewa abin da na roƙe shi ya cire shi ne ya juyo da na huɗun, domin ya ce mutumin da ya kawo abin da ba a tambaye shi ba ya gama ɓoye-ɓoye. An umarce shi ya nemi wancan mutumin. Ya riga ya samo inda yake.

Ta kuma ce ba ta taɓa karɓar takarda mai tsabta irin wannan ba. Na tambaye shi ko tsabtar hannu take nufi ko ta magana. Ya ce bai tambaya ba. Ina ganin duka biyun ne, kuma ɗaya daga ciki nawa ne.

Sa'an nan ya gaya mini sauran yana tsaye. Ba zai dawo zaure ba. Saƙon safiya kuma daga yanzu wurin Fasto zai riƙa aikawa. Na ce daidai ne, Fasto mutumin kirki ne, ko da yake bai san wannan aiki kamar yadda na san shi ba. Na yi niyyar in tsaya a nan, amma bakina ya riga ni, na tambaye shi ko ya yafe mini.

Ya ce, "Na yafe tun ranar da ka rubuta ba ka ƙara komai ba, Baba. Amanar ce ba ta dawo ba tukuna. Ban san yaushe ba."

Ban yi masa wa'azi ba. Ina da ayoyi uku a shirye, ban fitar da ko ɗaya ba.

Ranar Litinin yara talatin da biyar za su isa makaranta a hannun mutumin da na raina a bangaskiya, wanda ya tsaya gaban kwamiti da gaskiyar da ta fi ƙarfin malaminsa. Wannan babu mai ƙwace mini. Sauran kuwa na ce masa zan jira. Ya ce zai iya daɗewa. Na ce masa ni kafinta ne: ban taɓa buga ƙusa a ɗanyen katako don ina sauri ba.